Amana da Haɗin Gwiwa wajen Karɓar 'Yan Gudun Hijira: Tarihin Gabashin Sudan, 1967–1985

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda hukumomi da ƙungiyoyi suka yi aiki tare wajen karɓar 'yan gudun hijirar Eritiriya da Habasha a gabashin Sudan, tun daga shigowar ayarin farko a 1967 har zuwa faɗuwar gwamnatin Ja'afar Numairi a 1985. An auna tarihin da ma'aunin babin amana na fiƙihu. Abin da ya bayyana shi ne, haɗin gwiwar ya yi ƙarko muddin an san wanda ya ba da amana kuma ana shawara da shi, ya kuma yi rauni a lokacin da iko da kuɗi da sanin halin mutane suka rarrabu a hannaye uku da ba su yarda da juna ba.

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

A watan Rajab na shekara ta biyar bayan aiko Annabi (SAW), wato wajen 615 Miladiyya, wasu sahabbai suka haye Bahar Maliya zuwa ƙasar Habasha, suka sami mafaka a wurin Najjashi. Da Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi ya nemo a mayar musu da su, sarkin ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, sannan ya ƙi miƙa baƙinsa. Bayan ƙarni goma sha uku da rabi sai al'amarin ya juya: mutanen wannan yanki ne suka riƙa kwararowa yamma, Musulminsu da Kiristansu, suna neman mafaka a Sudan.

Ɗalibin ilimi ya saba jin kashin farko na wannan labari a darasin Sira. Kashi na biyu kuwa ba safai ake karanta shi a tsangayoyin nazarin addini ba, alhali a cikinsa ne ake ganin yadda ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne ta yi ƙoƙarin mayar da haƙƙin mafaka ya zama doka da ofis da kasafin kuɗi, da yadda ta yi fama da ɗimbin masu taimako waɗanda kowannensu ke da nasa mai ba shi kuɗi da tasa manufa.

Amana a fiƙihu da a dokar zamani

Larabci ya bambanta kalmomi biyu masu tushe ɗaya: amān, wato kariyar da ake bai wa baƙo, da amāna, wato abin da aka damƙa wa mutum don ya tsare. Hausa ta haɗe su a kalma ɗaya. A zamanin Daular Sakkwato ana kiran yarjejeniyar zaman lafiya da al'ummomin da ba Musulmi ba da sunan amana, kamar yadda ake kiran ajiya da wannan suna. Tarihin da ke tafe ya shafi ma'anonin biyu.

Aya ta shida ta Suratut Tauba ta umarci Annabi (SAW) da ya ba mushirikin da ya nemi maƙwabtakarsa kariya, sannan ya isar da shi inda zai aminta. Sunna ta faɗaɗa wannan haƙƙi ga ɗaiɗaikun Musulmi: a ranar buɗe Makka Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib ta ba da kariya, Annabi (SAW) ya zartar da abin da ta yi. Sai dai malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin amanar da mutum zai bai wa mutum ɗaya ko jama'a ƙidayayyu, da wadda ake bai wa yanki guda ko adadi marar iyaka. Ta biyun tana komawa ga shugaba, domin maslaharta da cutarwarta sun shafi al'umma gaba ɗaya.

Dokar zamani ta ɗauki rabi na biyu ta bar na farko. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, ƙasa ce kaɗai ke ba da mafaka. Manomin da ya buɗe wa baƙo zaurensa a Kasala ya yi abin da Ummu Hani ta yi, amma takardun hukuma ba su san da shi ba. Wannan giɓi zai yi ta bayyana a duk tsawon shekarun da ake magana a kai.

Gabashin Sudan ba baƙon karɓar muhajirai ba ne. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nil kusa da Sinnar. Hausawa da Fulani masu tafiya Hajji a ƙasa sun zauna a Gadarif da Kasala tun kafin a san wani abu wai shi katin ɗan gudun hijira. Abin da ya zama sabo a shekarun 1960 shi ne shigowar ofis da doka da kuɗin ƙasashen waje cikin lamarin.

Kafuwar tsari, 1967–1974

A farkon 1967 sojojin Sarki Haile Selassie suka ƙona ƙauyuka a yammacin Eritiriya don murƙushe 'yan gwagwarmayar neman 'yanci. Kimanin mutum 30,000 suka tsallako zuwa yankin Kasala, mafi yawansu Musulmi manoma da makiyaya, cikinsu har da Banu Amir waɗanda ke da dangi a ɓangarorin iyakar biyu. Dangin nan ne suka fara ciyar da su. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta kafa Mu'utamadiyyatul Laji'in, wato ofishin Kwamishinan 'Yan Gudun Hijira, a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ita ma ta buɗe ofis a Khartum.

Rabon aikin a wannan zango a sarari yake. Sudan ce ke ba da ƙasa da tsaro da ma'aikata, UNHCR na kawo kuɗi, Hukumar Abinci ta Duniya na kawo hatsi, Mu'utamadiyya kuma ita ke zartarwa. An kwashe ayarin 1967 daga bakin iyaka zuwa Ƙala'un Nahal, kudu maso yammacin Gadarif, aka ba su gonaki don su noma dawa da riɗi su ciyar da kansu. Dalilin nisantar da su daga iyaka na siyasa ne: Habasha na zargin Sudan da taimakon 'yan tawayen Eritiriya, Sudan kuma na zargin Habasha da taimakon 'yan tawayen kudancinta.

A 1974 Sudan ta shiga Yarjejeniyar 1951, tare da togaciya a kan sashe na 26 mai magana kan 'yancin zirga-zirga, ta kuma kafa dokarta ta tsara mafaka, wadda ke cikin dokokin farko irinta a nahiyar Afirka. Dokar ta ɗauki faffaɗar ma'anar ɗan gudun hijira irin ta yarjejeniyar Afirka, wadda ta haɗa da wanda ya guje wa mamaya ko hargitsi ko da ba shi aka nufa da kansa ba. Ta kuma bayyana ba da mafaka a matsayin aikin jin ƙai. A ɗaya hannun ta hana ɗan gudun hijira mallakar ƙasa ko gida, ta hana shi siyasa, ta kuma hana shi barin wurin da aka ajiye shi, tare da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba ga wanda ya saɓa. Ƙofar shiga a buɗe take, amma ɗakin da aka ba baƙo ƙunci gare shi.

Yawaitar hannaye, 1975–1983

A Satumbar 1974 sojoji suka tumɓuke Haile Selassie. Yaƙin Eritiriya ya ƙazanta a 1975, kisan gillar da gwamnatin Mengistu ta yi wa 'yan adawa a 1977 da 1978 ya koro 'yan birni da ɗalibai, babban farmakin da ta kai da makaman Tarayyar Sobiyet a 1978 kuma ya koro wasu dubban. Faɗuwar Idi Amin a 1979 ta kawo 'yan Yuganda kudancin Sudan, rikicin Cadi ya kawo wasu Darfur. Mu'utamadiyya ta buɗe sababbin matsugunai a gabas, irin su Ummu Gargur da Ummu Rakuba da Tawawa, tana tafiyar da su daga ofishinta na Shuwak. Wasu na noma ne, inda iyali ke samun fadan biyar zuwa goma, fadan ɗaya kuwa ya ɗan ɗara eka ɗaya. Wasu kuma an kafa su kusa da manyan gonakin ban ruwa don mazaunansu su yi ƙwadago.

Duk da haka mafi yawan baƙin ba su shiga matsugunan ba. Sun zauna a Kasala da Gadarif da Port Sudan da Khartum, suna haya, suna ƙwadago, 'ya'yansu na cika makarantu da asibitocin da gwamnati ke ɗaukar nauyi ba tare da tallafin waje ba. Wannan nauyi ne ya sa Sudan ta ayyana 1980 a matsayin shekarar ɗan gudun hijira, ta kira taron ƙasa da ƙasa a Khartum a watan Yunin shekarar don neman taimako. Taron ƙasashen duniya na Jeniba kan 'yan gudun hijirar Afirka ya biyo baya a 1981, na biyunsa kuma a 1984.

Taimakon ya zo, amma ba ta hanyar da aka nema ba. Ƙasashe masu ba da kuɗi sun fi son miƙa shi ta hannun ƙungiyoyin ƙasashensu. Ahmad Karadawi, wanda ya yi aiki a Mu'utamadiyya kafin ya rubuta tarihin manufofin Sudan kan 'yan gudun hijira daga 1967 zuwa 1984, ya nuna yadda ofishin ya riƙa rasa ikonsa a tsakanin matsin jami'an tsaron cikin gida da na masu kuɗin waje. Barbara Harrell-Bond ta ga makamancin haka a kudu, a tsakanin 'yan Yuganda da ke yankin Yei, ta wallafa shi a littafinta na 1986. Ƙungiyar waje na da motoci da man fetur da rediyon sadarwa, jami'in gwamnatin da doka ta ɗora wa sa ido a kanta kuwa wani lokaci sai ya roƙi a rage masa hanya.

Zuwa farkon shekarun 1980 ana iya kasa masu aikin gida huɗu. Na farko ƙungiyoyin coci na cikin gida, wato Majalisar Coci-cocin Sudan da Sudanaid ta Katolika, waɗanda suka daɗe a fagen. Na biyu ƙungiyoyin Turai da Amurka, irin su Save the Children da IRC. Na uku ƙungiyoyin Musulunci. Na huɗu ƙungiyoyin 'yan gudun hijirar da kansu.

Ƙungiyoyin Musulunci sun makara, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Shekara goma sha uku bayan shigowar Musulmin Eritiriya aka kafa Munazzamatud Da'awatil Islamiyya a Khartum a 1980, sai Wakalatul Islamiyyatul Ifriƙiyya lil Igasa, wato hukumar agajin Musulunci ta Afirka, a 1981. A wannan shekarar ne kuma Dokta Abdurrahman as-Sumaiɗ da abokansa suka kafa Lajnatu Muslimi Ifriƙiya a Kuwait. Islamic Relief ta zo a 1984 a Birmingham ta Ingila, Muslim Aid a 1985 a Landan. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka zaburar da masu kafa waɗannan ƙungiyoyi shi ne ganin cewa ɗakunan shan magani da makarantun da ke hidima ga Musulmi mabuƙata suna hannun mishan. Damuwar tana da tushe, sai dai ta sa an shiga fagen da ruhin gasa. Ɓangaren Yamma na kallon su a matsayin masu da'awa da suka fake da agaji, su kuma suna yi wa ɓangaren Yamma irin wannan kallo.

Gida na huɗu shi ya fi kowa sanin mutane, shi ne kuma ba shi da kujera. An kafa ƙungiyar agajin Eritiriya, ERA, a 1975, da ta Tigrai, REST, a 1978, kowacce tana da alaƙa da 'yan gwagwarmayar yankinta. Suna da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya masu jin harshen jama'a, suna kuma shigar da abinci cikin yankunan da gwamnatin Habasha ba ta iko da su, da taimakon wani gungun ƙungiyoyin coci na Turai da ya buɗe ofis a Khartum a 1981. Amma UNHCR hukuma ce ta ƙasashe, Habasha kuma mamba ce a Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka hulɗa da su a hukumance ta yi mata wuya.

Jarrabawar 1984–1985

Fari da yaƙi suka haɗu a arewacin Habasha a 1984. REST ta yi gargaɗin cewa jama'a masu yawa na tafe idan ba a ƙara abincin da ake shigarwa Tigrai ba, amma ba a yi shirin da ya dace ba. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 1985 kimanin mutum 200,000 daga Tigrai suka iso Sudan a ƙafa, bayan tafiyar makonni, ƙauye-ƙauye, a ƙarƙashin jagorancin REST. Wasu dubban suka zo daga Eritiriya. Sansanin Wad Sharifai da ke kusa da Kasala ya haura mutum 100,000, jimillar 'yan gudun hijira a ƙasar kuma ta wuce miliyan ɗaya, a daidai lokacin da yunwa ke cin 'yan ƙasa a Darfur da Kurdufan da tsaunukan Bahar Maliya.

A Wad Kawli, inda dubun-dubatar mutanen Tigrai suka sauka a bakin kogin da ke ƙafewa, an ga amfanin haɗin gwiwa da iyakarsa a wuri ɗaya. Baƙin sun zo a tsare, kowane ƙauye da shugabanninsa, wannan kuwa ya sauƙaƙa rabon abinci. Save the Children da MSF da IRC suka raba aikin lafiya da ciyar da yara a tsakaninsu. Amma hatsi ya yi jinkiri, ruwa ya yi ƙaranci, ƙyanda kuma ta ɓarke kafin a yi wa yara allurar rigakafi, ta haɗu da tamowa da gudawa ta kashe yara masu yawa. Daga irin wannan masifa ne masu aikin agaji suka ɗauki ƙa'idar da ake bi har yau, ta gaggauta rigakafin ƙyanda da zarar an buɗe sansani. Da ruwan Wad Kawli ya ƙare sai aka kwashi mutane a manyan motoci zuwa sababbin sansanoni a cikin ƙasa.

Da damina ta gabato a 1985, dubun-dubatar manoman Tigrai suka ɗaura niyyar komawa gida don su yi shuka. Hukumomin ƙasa da ƙasa ba su so ba, suna tsoron yunwa da jiragen yaƙi a hanya. Manoman suka tafi, REST na tsara musu zango-zango. Hujjarsu ita ce wanda ya rasa shukar bana zai zauna a sansani har baɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tanadar masa wurin da zai faɗa ba.

Cin amana

A cikin wannan hali ne wani al'amari ya girgiza tsarin daga tushe. Cikin waɗanda suka tsallako har da Yahudawan Habasha, waɗanda aka fi sani da Falasha, da yawansu kuma sun mutu a Ummu Rakuba a 1984. Daga 21 ga Nuwamban 1984 zuwa 5 ga Janairun 1985 aka kwashe dubbansu a asirce da jiragen wani kamfanin Beljiyam daga Khartum, ta Turai, zuwa Isra'ila, da hannun jami'an Amurka da hukumar tsaron ƙasa ta Sudan. Da labarin ya fasu, ya zama ɗaya daga cikin tuhumomin da aka yi wa gwamnatin Numairi, wadda ta faɗi a 6 ga Afrilun 1985. An gurfanar da mataimakinsa kuma shugaban hukumar tsaron, Umar Muhammad aɗ-Ɗayyib, aka ɗaure shi.

Ta fuskar fiƙihu, ceton ran mai neman mafaka wajibi ne ko mene ne addininsa, isar da shi inda zai aminta kuma nassi ne. Ɓarnar tana cikin hanyar da aka bi. An yi amfani da sansanoni da rigar aikin agaji wajen shirin leƙen asiri, aka kuma ɓoye wa al'ummar da ta ba da masauki. Daga nan kowane baƙon ma'aikacin agaji ya zama abin zargi, 'yan gudun hijirar da ba su san hawa ba ba su san sauka ba kuma suka gaji wani kaso na fushin jama'a.

Kammalawa

Allah Maɗaukaki ya yi umarni da taimakon juna a kan aikin alheri da taƙawa a aya ta biyu ta Suratul Ma'ida, Annabi (SAW) kuma ya yabi Hilful Fudul, ƙawancen da aka ƙulla a Makka kafin aike don kare wanda aka zalunta. Saboda haka halaccin aiki tare da wanda ba Musulmi ba wajen ceton rai ba shi ne abin tattaunawa ba. Tambayar da tarihin gabashin Sudan ya bari ta tsari ce.

Abubuwa uku suka fito. Na farko, wanda ya ba da amana shi ake tambaya a kanta, don haka zagaye hukumar ƙasa da kuɗi, ko da an yi shi da sunan gaggawa, yana barin nauyi a wuyan wanda aka raba da iko. Na biyu, fiƙihu ya san amanar ɗaiɗaikun mutane, tsarin da bai ƙirga mai masauki da ƙungiyar baƙin kansu ba kuwa ya jefar da mafi yawan masu ɗaukar jinkar. Na uku, ƙungiyar Musulunci da ta zo a makare ba za ta cike giɓin da gasa ba. Abin da zai ba ta murya a teburin shawara shi ne ƙwarewa da tsabtar lissafi da hidima ga kowane mabuƙaci.

Sudan ta maye gurbin dokar 1974 da sabuwa a 2014. A Nuwamban 2020 aka sake buɗe Ummu Rakuba don karɓar mutanen Tigrai da sabon yaƙi ya koro. Tun daga 15 ga Afrilun 2023 kuma 'yan Sudan ne da kansu ke neman mafaka a Cadi da Masar da Sudan ta Kudu da Habasha, inda wasu hukumomi da ƙungiyoyi ke fuskantar tambayoyin da Mu'utamadiyya ta fuskanta shekaru arba'in da suka wuce. Allah ya mayar da kowane muhajiri gidansa cikin aminci. Allah ne mafi sani.